Gwaji Da Amana

A cikin sha'anin zaman duniya akwai wata 'yar matsala wadda kusan ko wane baligi ya taɓa karo da ita. Mutum ya je karɓar bashi wurin amininsa, aka miƙo masa kuɗi a dunƙule, aka ce, "Ga su nan cif." To, ya ƙirga, ko kuwa ya sa aljihu? In ya ƙirga a gaban mai bayarwa, sai a ce bai yarda da shi ba. In kuwa ya sa aljihu, ya isa gida ya tarar da giɓi, ba shi da bakin komawa. Haka abin ya ke ga mai sayen hatsi da ya ce a sake awo, da wanda aka ɗinka wa riga ya ce sai ya sa ta a gaban maɗinki. Shin gwaji rashin yarda ne? Wanda ya ce sai ya gwada, ya ci mutuncin mai abu ke nan?

Wannan tambaya ta dace da unguwa irin Kambarawa ta birnin Katsina, gama sunanta ma yana tuna wa mutum Kambarin Barebari, fataken nan masu asalin Barno waɗanda suka yi suna wajen safarar goro daga Gwanja tun kafin zuwan Turawa. Fatauci kuwa a kan amana ya ke tafiya. Falke ya kan ɗauki dukiyar mutane ya bi ayari wata da watanni, sau da yawa ba abin da ke tsakaninsa da masu dukiya sai kalmar baki. Amma kuma babu wanda ya kai falke bincike. Ya kan kwance huhun goro ya duba har ƙasa, don ya tabbata ba a jera manya a sama an ɓoye masu tsutsa a ciki ba. Ya san kuma mudun wannan gari ba lalle ne ya yi daidai da na wancan ba, ko da ya ke sunansu ɗaya. Watau mutanen da suka fi kowa dogara ga yarda su ne kuma suka fi kowa gwaji. Yadda abubuwan nan biyu suka zauna gida ɗaya ba su yi faɗa ba shi ne abin dubawa, akwai kuwa wani sabon aiki na wannan zamani da ya ƙara fito da shi fili, watau aikin koya wa kwamfuta dara.

Dara dai kowa ya san ta. Da la'asar sakaliya a kan ga dattawa a inuwar bango sun haƙa gurabu 30 a ƙasa, wannan da 'yan duwatsu 12, wancan da 'yan karare 12, ko wane yana neman ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Akwai kuma wata darar da ta fi wannan yawan 'ya'ya, Larabawa suna ce da ita shaɗaranji. Asalinta ƙasar Indiya ne, ta bi ta Farisa ta isa ga Larabawa, daga nan ta shiga Turai. Har a Barno an yi wata irinta da a ke kira tsatsarandi. Allonta gida 64 ne, ko wane gefe yana da 'ya'ya 16: sarki, da waziri wanda Turawa suka mai da shi sarauniya, da dawaki biyu, da giwaye biyu, da hasumiya biyu, da dakaru takwas. Wanda aka tsare wa sarki ya rasa mafita, shi aka cinye.

Tun cikin 1950 wani masani na Amurka, Claude Shannon, ya rubuta yadda za a yi kwamfuta ta iya wannan wasa. A lokacin mutane da yawa sun ɗauke shi mafarki. Yau kuwa wayar hannu ta aljihun ɗan makaranta tana iya ɗauke da gwanin da zai ka da zakaran duniya. Wannan gwani ba ƙarfe ba ne, ba shi da jiki. Jerin umurni ne da mutum ya zauna ya rubuta wa kwamfuta, shi a ke kira manhaja, amma masu sana'ar suna ce da shi injin dara.

Injin nan ba ya iya zama shi kaɗai. Ko wace kwamfuta tana da wata babbar manhaja mai tafiyar da gidan duka, ita ke raba wa sauran wurin zama da lokaci, ita ke kai saƙonsu ta kawo amsa. Misalinta kamar fatoma ne, injin dara kuwa baƙon falke. Fatomomin kuma ba ɗaya ba ne. Akwai Windows, akwai Linux, akwai macOS, akwai Android da ke cikin yawancin wayoyin da a ke gani a kasuwa. Ko wane yana da tasa al'ada da nasa mudu. Baƙon da ya saba da gida guda, in ya sauka a wani gidan, a nan ne za a ga abin da ya sani.

To, a ƙaddara wani saurayi ne a Kambarawa wanda ya yi karatun kwamfuta. Ya shafe wata shida yana rubuta nasa injin shaɗaranji, in an ɗauke wuta ya jira, in an kawo ya ci gaba. Kwamfutarsa Linux ke cikinta. Da ya gama ya kara da injin, injin ya ka da shi. Ya kira abokansa, su ma suka sha kaye. Murna ta kama shi, har ya faɗa a majalisa cewa injinsa ba ya kuskure, ya kuma yi wa wani malamin makaranta alkawarin zai ba shi don yara su riƙa koyo. Ran nan sai ya ɗauki rubutun umurnin ya kai shagon wani abokinsa mai Windows, aka harhaɗa shi a can, aka kunna. Sai ga inji yana wasa kamar wanda aka ɗaure wa ido ɗaya. Ya tura doki inda za a ci shi a banza, ya bar sarkinsa a fili. Ɗan aiken shagon, wanda bai fi wata biyu da koyon wasan ba, ya cinye shi sau uku a jere.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Kwamfuta ba ta san komi ba sai ƙirga, tana kuwa ajiye ƙirgarta cikin waɗansu 'yan gurabu ƙanana, ko wane gurbi ko dai a cike ko wofi. Masu rubuta injin shaɗaranji su kan ware wa ko wane gida na allo gurbi guda, watau gurabu 64. A cikin harshen kwamfuta da a ke kira C, wanda da yawansu ke rubutu da shi, akwai wani ma'auni na ajiye lamba wanda a kwamfutocin yanzu ya ke ɗaukar gurabu 64 a gidan Linux, amma a gidan Windows 32 kaɗai ya ke ɗauka. Suna ɗaya, ciki dabam. Saurayin ya auna allonsa da babban mudu, aka juye shi cikin ƙarami, rabin allo ya zube a ƙasa. Injin bai daina ƙirga ba, bai kuwa yi kuka ba. Ya ci gaba da wasa da iyakar ƙarfinsa a kan rabin duniyar da ya ke gani.

A nan mai karatu ya lura da abu guda, domin a kansa maganar duka ta rataya. Saurayin nan bai yi ƙarya ba. Sa'ad da ya ce injinsa ba ya kuskure, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Da za a rantsar da shi da ya rantse, da kuma bai yi kaffara ba a bisa niyyarsa. Duk da haka abin da ya faɗa ba haka ya ke ba. Da malamin makaranta ya karɓi injin a kan yarda kawai, da yara sun zauna suna koyon wasa daga makaho, suna zaton hikima ce su ke gani. Mai gaskiya yana iya miƙa wa mutum kuskure da hannu biyu, fuskarsa a sake.

Kalmar da ta fara zuwa bakin saurayin ita ce wadda ke zuwa bakin masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya: "Ai a wurina yana aiki." Maganar gaskiya ce, amma ba ta biya bukata ba. Maɗinkin da ya ce rigar ta yi daidai sa'ad da ta ke rataye a shagonsa bai ce komi ba tukuna, gama ba don ƙusa aka ɗinka ta ba. Daga nan zuciya ta kan raya wa mutum ya ɗora laifi a kan mai masauki, ya ce kwamfutar abokinsa ce ba ta da kyau. In wannan bai karɓu ba, sai ta raya masa wata dabara da ta fi muni, ita ce ya yi shiru, ya tabbata dai ko yaushe za a nuna injin, a kan tasa kwamfutar za a nuna shi, shi ne kuma zai riƙe ta. Wannan dabara tsohuwa ce, tana kuwa da labari.

Cikin 1770, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani ma'aikacin fada mai suna Wolfgang von Kempelen ya kawo wa Sarauniya Mariya Teresa wani abin mamaki. Akwati ne babba, a bayansa an zaunar da mutum-mutumi na katako da rawani da riga irin ta Turkawa, a gabansa allon shaɗaranji. Kempelen ya ce injin nan da kansa ya ke wasa. Kafin a fara, ya kan buɗe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya, ya haska kyandir ta baya, jama'a su leƙa su ga ƙafafun agogo da 'yan ƙarafa, su ce lalle ba kowa ciki. Sa'an nan ya rufe, ya murɗa mabuɗi, mutum-mutumi ya ɗaga hannu ya tura ɗan wasa. Ya ka da manyan mutane a ƙasashe da yawa. Bayan rasuwar Kempelen wani ya saye shi ya ci gaba da yawo da shi, har Nafoliyon, Sarkin Faransa, ya kara da shi cikin 1809 ya sha kaye. Alhali kuwa mutum ne a ciki. Gwanin wasa ne a ƙudundune a kan wata kujera mai zamewa, in an buɗe wannan ƙofa ya matsa can, in an buɗe waccan ya dawo nan. Akwatin ya yi shekara 84 a duniya, sai cikin 1854 gobara ta cinye shi a Filadelfiya ta Amurka.

Abin lura cikin wannan labari shi ne Kempelen bai hana a duba ba. Shi ma ya ke cewa a duba. Sai dai shi ke zaɓen ƙofar da za a buɗe, da lokacin da za a buɗe ta, da inda kyandir zai tsaya. Masu kallo sun koma gida suna cewa gani ya kori ji, ba su san abin da aka ga dama aka nuna musu suka gani ba. Gwajin da mai abu ya shirya da kansa, a gidansa, bisa sharaɗinsa, talla ce sanye da rigar gwaji. Ya fi ma rashin gwaji haɗari, domin wanda bai duba ba ya san bai duba ba, yana tafe da hattara, amma wanda aka yi wa irin wannan nuni ya saki jiki.

Sai a gwama wannan da wata al'ada ta masu wani injin da a ke kira Stockfish, wanda ya fito cikin 2008 daga hannun mutum uku, Tord Romstad na Norwe, da Marco Costalba na Italiya, da Joona Kiiski na Finlan. Ba sayar da shi a ke yi ba, rubutun umurninsa kuma a buɗe ya ke, kowa yana iya karantawa ya kawo gyara. Tun daga 2013 suka kafa wata hanya ta gwaji. Mutane daga ƙasashe dabam dabam suna ba da aron kwamfutocinsu kyauta. In wani ya ce ya samo dabarar da za ta ƙara wa injin ƙarfi, ba a musu da shi, ba a kuwa gaskata shi. Sai a haɗa sabon da tsohon su kara, da fari wasan gaggawa na kamar daƙiƙa 10 ga ko wane gefe, in ya haye sa'an nan a ƙara lokaci zuwa kamar minti guda. Ba wasa goma a ke yi ba, ba ɗari ba. A kan yi 20,000, ko 50,000, wani lokaci har fiye da 100,000. Dalili kuwa duk ɗan dara ya san shi: in gwanaye biyu suka yi wasa goma, ɗaya ya ci shida, ba a san wanda ya fi ba tukuna, mai yiwuwa sa'a ce ta ranar. Sai wasa ya yi yawa ƙwarai sa'a ta ke gajiya ta bar gwaninta a fili. Kuma ko wane mafarin wasa sau biyu a ke buga shi, a juya gefe, wanda ya riƙe farare ya koma baƙaƙe, kamar dai a ce mai duwatsu ya karɓi karare.

Yawancin dabarun da a ke kawowa faɗuwa su ke yi. Na gwanaye ma suna faɗuwa, na waɗanda suka shekara goma cikin aikin, a gaban kowa, da sunansu a rubuce. Sabon shiga kuma in tasa ta haye an karɓa, ba a tambayar ɗan wane ne.

Akwai kuma wata 'yar al'adarsu da ta fi kusa da matsalar saurayin Kambarawa. Ko wane sabon gyara yana tafe da wata lamba a goshinsa. Yadda a ke samunta shi ne a ba injin waɗansu zaunannun wasanni da aka zaɓa tun tuni, a ce ya yi tunani zuwa wani zurfi da aka ƙayyade, sa'an nan a ƙirga yawan yanayin allo da ya duba. Wannan jimla tilas ta fito ɗaya a ko wace kwamfuta, ko Windows ce, ko Linux, ko macOS, ko wayar hannu. Saurin ya kan bambanta, gama jaki da doki ba tafiyarsu ɗaya ba, amma kayan da aka sauke a zango tilas su zama su ne aka ɗora. Kwamfutar da aka ba da aronta, kafin ta fara wasa ko ɗaya, sai ta fitar da lambar nan ta gwama da wadda mai gyara ya rubuta. In sun saɓa ko da ɗaya ne, ba ta ci gaba. Mai gyaran da kansa ne ke rubuta lambar, watau shi ke miƙa wa mutane sandar da za su auna shi da ita.

To, a nan wani dattijo daga cikin masu dara yana iya ɗaga kai ya ce, "Samari, wannan zama naku ba daɗi. In komi sai an ƙirga, komi sai an sake awo, ina ranar amana? Mu da muka taso, mutum ya ce maka ga shi, to ga shi ɗin ne." Maganar dattijon nan ba abar yarwa ba ce. Garin da ba mai karɓar kalmar wani, ciniki ma ba ya yiwuwa cikinsa, balle zumunci. Ba kuwa mai iya gwada komi da komi. Wanda ya shiga mota bai kwance injinta ba, wanda ya sha magani bai auna shi ba, rabin rayuwa a kan yarda ta ke tafe.

Amma da za a tambayi dattijon wa ya ke karɓar kalmarsa haka, ba zai ce kowa ba. Zai ambaci wane da wane, mutanen da ya yi shekaru yana hulɗa da su, aka ba su kaɗan suka dawo da shi, aka ƙara suka dawo da shi, aka yi fari da yunwa ba su canza ba. Amanar fatake ba daga sama ta faɗo ba. Yaron ayari ya kan fara da kiwon jakuna da ɗaukar tulu, ana kallonsa zango bayan zango, a Katsina da can bakin Kwara da Salaga, inda ba idon uwa ba na uba, kafin a danƙa masa jari. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Abin da dattijon ke kira amana gwaji ne da aka daɗe da gamawa har aka manta an yi shi. Sabon inji kuwa, ko sabon magani, ko sabon ma'aikaci, bai yi wannan tafiya ba tukuna.

Ban da haka, dattijon ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba, su ne ƙarya da kuskure. Wanda ya ƙi a ƙirga kuɗinsa yana jin ana ce masa ɓarawo. Amma yatsa yana tsallake takarda, ido yana gajiya, mudu yana bambanta, ba da nufin kowa ba. Amana tana tsare mutum daga ha'incin abokinsa, ba ta tsare shi daga mantuwarsa. Wannan sai ƙirga. Shi ya sa 'yan kasuwa na kirki su ne ke fara cewa, "Ƙirga dai, Alhaji, kuɗi ba su son kunya." Wanda ya faɗi haka ya ɗauke wa abokinsa nauyi, ya kuma tsare kansa. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Rashin gwaji ma ya kan cuci mai gaskiya fiye da kowa. Cikin watan Mayu na 1997, a birnin Niyok, wata kwamfuta ta kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta kara da Garry Kasparov na Rasha, zakaran duniya na lokacin, wasa shida. Ta ci biyu, ya ci ɗaya, uku suka tashi kunnen doki. Shekara guda kafin nan, a Filadelfiya, shi ya yi nasara. Bayan wasa na biyu Kasparov ya yi zargin akwai hannun mutum cikin wani motsi da kwamfutar ta yi, ya nemi a nuna masa rubutun tunaninta, ba a ba shi yadda ya nema a lokacin ba. Ya nemi a sake karawa, kamfanin bai yarda ba, aka ajiye injin bai ƙara wasa a gaban jama'a ba. Daga baya an fito da rubutun, ba a kuwa sami hujjar maguɗi ba. Amma shekaru da yawa zargin yana bin aikin injiniyoyin nan kamar inuwa, alhali nasararsu ta gaske ce. Ƙofar da aka jinkirta buɗewa ta sa mutane sun tuna da akwatin Kempelen.

Duk da wannan, akwai iyakar da gwaji bai kamata ya tsallake ba, a nan kuwa dattijon ya fi samari gaskiya. Injin dara bai san ana gwada shi ba. A kara da shi sau 100,000, ba ya jin ciwo, ba ya riƙe kowa a zuci, na ƙarshe kamar na fari ya ke buga shi. Mutum ba haka ya ke ba. Maigidan da ya yar da kuɗi a tsakar gida da gangan don ya ga ko yaronsa zai ɗauka, ko wanda ya aika wa amininsa ɗan kore da maganar ƙarya don ya ji abin da zai ce, bai yi irin aikin masu Stockfish ba ko kaɗan. Nasu gwaji a sarari ya ke, an san sharaɗinsa tun da fari, ɗaya ne ga babba da yaro, kuma aiki a ke aunawa. Nasa kuwa tarko ne, a ɓoye, zuciya ya ke son ya leƙa. In yaron ya tsallake tarkon ya kuma gane an kafa masa shi, to, an sami amsa an rasa yaro, domin daga ranar ba zai ƙara share ɗakin nan da sakin rai ba. A kan auna hatsi ya zauna hatsi. Mutum in an auna shi a ɓoye ya kan tashi wani mutum dabam. Halin ɗan Adam zama da tafiya ke nuna shi, a hankali, ba tare da an haƙa masa rami ba.

Saurayin Kambarawa dai ya kwana biyu yana jin kunyar abin da ya faɗa a majalisa. A rana ta uku ya koma shagon abokinsa ya ce, "Ba ni aron kwamfutar nan taka zuwa azahar." Ya bi rubutunsa layi layi har ya gano ma'aunin da ya yaudare shi, ya musanya shi da wani wanda an ƙayyade masa gurabu 64 a ko wane gida. Gyaran bai fi na 'yan kalmomi ba. Sa'an nan ya zaɓi waɗansu wasanni ya sa injin ya ƙirga, a tasa kwamfutar, da ta abokinsa, da wata tsohuwar waya ta ƙanensa. Wayar ta daɗe tana nishi har ta yi zafi, amma lambar da ta fitar ita ce ta sauran biyun.

Da ya je wurin malamin makaranta, bai fara da yabon injin ba. Ya ce, "Malam, kwanan baya na ce ba ya kuskure, ashe yana yi. Na gyara wanda na gani. Na gwada shi a gida uku, akwai na huɗu da a ke kira macOS, ban sami mai shi ba tukuna, saboda haka ban san halinsa a can ba." Malamin ya karɓa, ya ce zai sa yara su yi ta karawa da shi, duk wanda ya ga wani abu ba daidai ba ya rubuta a takarda. A hanyarsa ta komawa ya wuce dattawan nan a inuwar bango. An cinye ɗaya daga cikinsu sau biyu, yana cewa duwatsun ne ba su karɓe shi ba, a ba shi karare a sake zubi kafin a kira magariba.